Yadda Aka Dasa Korau a Kurmin Dogaye

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa, ya yi mata riga da ciyawa, ya ciyar da mai ƙafa huɗu da mai ƙafa biyu daga abu guda, sa'annan ya ƙyale mai ƙafa biyun yana taka abin yana hura hanci. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Arzika, mai baibayar ɗaki, mutumin Tungar Tunau. Na haye koguna bakwai na dawo, kuma duk abin da zan faɗa muku na gan shi da idona, in ban da wuri biyu ko uku da tsoro ya sa na rufe idon. Wanda ya tsinci ƙarya a ciki ya riƙe ta har in gama, kada ya katse ni.

Asalin tafiyar, ɗakin Gwaggo Dela ne, ƙanwar mahaifina, wadda ta rene ni. Shekara goma sha ɗaya ina baibaye mata ɗaki da shuci mai kyau, shekara goma sha ɗaya yana yoyo daidai kan gadonta. Ana nan sai wani bafatake ya sauka garinmu, ya ce can bayan koguna bakwai akwai ciyawar da kara ɗaya nata ke rufe ɗaki, ruwa ba ya ratsa ta. Na ce sai na gani. Ɗanta Korau, taubashina, ya ce ƙafata ƙafarsa, don a cewarsa ba a barin bawa ya yi tafiya ba ubangidansa. Haka muke tun muna yara, kowa na cewa ɗayan ne bawansa. Mahauci ne, amma surutu ya fi nama yawa a teburinsa.

Gwaggo ce ta koya mini sanin ciyawa. Takan ce, "Nomau, ba duk koren da ka taka ne ciyawa ba. Ciyawa gida ce guda, da danginta. Murza karan a yatsunka, ka ji ya mirgina. Shafa shi, ka ji gaɓa-gaɓa kamar na yatsanka. Dubi ganyen, gindinsa ya naɗe karan kamar kube, jijiyoyinsa sun tafi a jere, babu mai ratsa wata. Tuge shi, ka ga saiwar buzu-buzu kamar gemu, babu uwar saiwa. In ka haɗa waɗannan huɗu, ko tsawonsa ɗan yatsa ne ko ya fi raƙumi, ka gaishe shi, ɗan gidan su gero ne. Dawa, shinkafa, rake, gamba, kiri-kiri, har ƙarangiyar da ke kama maka wando, duk uwa ɗaya uba ɗaya."

Ranar da za mu tashi ta kama hannuna a bakin zaure, ta ce, "Ciyawar in ka samu ka kawo, in ba ka samu ba, ni da yoyon mun saba. Amma wannan sakaran ka dawo mini da shi da ransa. Shi kaɗai gare ni."

Koguna shida muka haye lafiya. Bayan na shida muka iso wata fadama da ake ce wa Haɗiya, kore shar daga gabas har yamma, ba ka bambanta ƙasa da laka. A gabanmu wata barewa ta taka, ko kuka ba ta samu ta yi ba, sai kunnuwa muka gani, daga nan babu. Korau ya ce mu koma. Na durƙusa na tsinko kara ɗaya daga inda ta nutse, na murza, ya ƙi mirgina. Kusurwa uku gare shi, babu gaɓa ko ɗaya. Aya-aya ce, mai kama da ciyawa amma ba 'yar gidan ba, kuma a wannan fadama ita ke zama a kan laka. Na lalubi wani gefe, na murza, ya mirgina, ga gaɓa: gamba. Na taka, ƙasa ta riƙe ni. Haka muka ratsa Haɗiya yini biyu da rarrafe, ina murzawa ina matsawa, Korau na riƙe da gefen rigata yana cewa bai taɓa ganin bawa mai nauyin jiki irina ba.

Daga nan muka faɗa wani fili da ciyawarsa ke bununi. Ita ciyawa ba ta yin fure mai launi don kiran zuma, iska take aika wa, ita ke kai gari daga wannan zangarniya zuwa waccan. To, a filin nan garin ya yi yawan da rana ta koma ruwan ɗorawa. Korau ya yi atishawa guda, jakin da ke ɗauke mana kaya ya tsinke igiya ya gudu da guzurinmu, har yau bai aiko da labari ba. Abin da ya rage mana gatarin Korau kaɗai, kuma ina ma a ce da shi jakin ya tafi.

Da muka haye kogi na bakwai, da hantsi, sai muka ga kurmi. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Gora ce, irin wadda ake sanda da ita a nan, amma kowace kaurinta ya kai rumbu, tsawonta kuwa tsuntsu sai ya huta sau biyu kafin ya kai ƙarshe. Na shafa jikinta, ga gaɓa. Na ƙwanƙwasa, cikinta rami. Na tsinci ganye, jijiyoyi a jere. Na tona gindi, saiwa kamar gemu. Murna ta kama ni, na faɗi maganar da har yau nake jin ta a kunnena.

Na ce, "Korau, ga ciyawar Gwaggo. Sare ta."

Ya ce, "Wannan ce ciyawa? Ɗan kawu, yunwa ta taɓa ka."

Na ce, "Sare, na ce."

Ya sare. Faɗuwarta ta girgiza ƙasa, kafin ƙura ta lafa mutane sun kewaye mu, kowa da mashi, kowa da hula doguwa kamar turmin da aka kifa. Ashe Kurmin Dogaye muka shigo, kuma ga yadda dokarsu take. Suna da sanda guda, Sandar Awo, tsawonta mutum ya miƙa hannu sama. Duk abin da ya wuce ta itace ne, mai daraja, ba a sa masa ƙarfe, ba a sa masa hannu. Duk abin da bai kai ta ba ciyawa ne, kowa ya taka, kowa ya yanka. Har mutane da ita ake auna su, kuma har da hula ake awon, shi ya sa manyansu ke tafiya a hankali kamar masu ɗauke da tulu. Mai riƙe da sandar, Sarkin Awo, ɗan gajeren mutum ne da in ya tuɓe hula bai wuce ƙuguna ba. Mafi muni, gidan sarautarsu sun ce daga gora suka fito. Kaka suke ce mata.

Sarkin Awo ya dubi kututturen, ya dubi gatarin, ya ce, "Wa ya kashe Kaka?"

Bakina ya buɗe zan ce ni na sa shi, Korau ya riga ni. Ya ce, "Ni ne. Wancan bawana ne, ɗaukar kaya kawai yake yi." Tun da aka haife mu ban taɓa jin kalmar nan ta yi mini nauyi ba sai ranar.

Hukuncin wanda ya kashe itace a ƙasar, a dasa shi ya maye gurbin wanda ya kashe. Nan take suka haƙa rami, taki ɗaya daga kututturen, suka sa Korau a ciki har gwiwa, suka cika da ƙasa, suka zuba masa tulu ɗaya na ruwa. Na yi zaton wulaƙanci ne kawai, sai wata tsohuwa da ta zo kallo ta ja ni gefe. Sunanta Inna Yalwa, manomiya ce, gwauruwa, ba ta da hula ba ta kuma neman ta.

Ta ce, "Ɗan nan, ƙasar nan ba irin taku ba ce. Abin da aka dasa kamawa yake. Yau yatsunsa za su yi saiwa. Gobe ɓawo ya kama ƙwauri. Kullum da safe za a ba shi tulu ɗaya. Ran kwana bakwai ɓawon ya rufe baki, shi ke nan. Ka ga waccan ƙaramar kanya? Wani maƙeri ne, mutumin kirki."

Na dubi kanyar, na dubi Korau. Shi kuwa cewa ya yi, "Ɗan kawu, kada ka tsaya nan kana zare ido. Je ka samo mini abinci, ba a dasa ni da cikina ba."

Inna Yalwa ta sauke ni a gidanta. Washegari na tarar ɓawo toka-toka ya kama masa ƙwauri, na ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar akushi. Na kasa zama kusa da shi, na bi Inna gona, don ranar ake girbin geronta. A can na ga abin da ya buɗe mini ido. Geron ya wuce Sandar Awo, saboda haka itace ne, ba a yanka shi. To, yaya za a ci tuwo? Sai Sarkin Awo ya zo da sandarsa, manoma suka bi kunya-kunya suna kwantar da kara da ƙafa. Ya auna shi a kwance, ya ɗaga murya ya ce, "An tuɓe ka, ka koma ciyawa." Sa'annan aka sa lauje.

Na ce, "Inna, shi geron ya san an tuɓe shi?"

Ta ce, "Rufa mini asiri. Zo ka gani." Ta kai ni ƙarshen gona, inda wani kara da iska ta kayar shekaranjiya ya lanƙwashe daidai gaɓa, kamar mai tashi daga durƙuso, ya ɗago zangarniyarsa sama. Ta ce, "In ka kwantar da ita ba ka yanke ba, tashi take. In akuya ta cinye kanta, daga gindi take turowa. In gobara ta bi ta, ruwan farko ta dawo. Shi ya sa manyanmu ba sa son zancenta."

Na bar ta nan na ruga kurmi. Na durƙusa tsakanin kututturen da Korau, na hau tono da hannu. Kamu biyu na ci karo da abin da nake nema: wani kara mai gaɓa kwance a ƙarƙashin ƙasa, ya taso daga kututturen ya bi ta ƙarƙashin Korau, a jikinsa ga ido guda, ƙulli kamar dunƙulen hannu, yana barci. Na mayar da ƙasa na rufe.

Ran kwana uku, ɓawo na cinyar Korau, na nemi a kai ni gaban Mai Kurmi, sarkin ƙasar. Tsoho ne mai ƙananan idanu, hularsa kamu bakwai, mutum biyu na tokare da ita da sanduna masu baki biyu. Na faɗi na yi gaisuwa irin tasu, na ce, "Ranka ya daɗe, dogo ɗan dogo." Na shimfiɗa abu huɗu a gabansa: kiri-kiri, karan gero, guntun gorar da aka sare, da reshen maɗaci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a dubi maɗacin nan. Yana da ɓawo, ba shi da gaɓa, jijiyar ganyensa ta yi rassa kamar taru, kowace shekara yana ƙara kauri. A dubi waɗannan ukun. Gaɓa, gaɓa, gaɓa. Kube, kube, kube. Jijiya a jere. Akwai wanda ya taɓa ganin Kaka ta ƙara kauri bayan ta fito? Da kaurinta take fitowa daga ƙasa, kamar gero. Wanda ya fi tsawo a cikin ukun nan bai fita daga gidansu ba, ya dai fi su tsawo ne."

Sarkin Awo ya miƙe har hularsa ta karkace, ya ce, "Kun ji? Kun ji da kunnenku? Baƙo ya ce kakar Mai Kurmi 'yar'uwar kiri-kiri ce, abin da jaki ke yi wa fitsari! Kai, wa ya tambaye ka gaɓa? Ga sanda nan. Sanda ta ce itace. A haƙa rami na biyu!"

Sai a lokacin na gane inda na sa kaina. In gora itace ce, Korau ya tafi. In ciyawa ce, na zagi sarki a fadarsa. Dogarai sun kama ni ke nan, Mai Kurmi ya ɗaga yatsa ɗaya, don ba ya iya gyaɗa kai saboda hula.

Ya ce, "Baƙo, in ciyawa ce, sai me?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ciyawa ce, ba a kashe kowa ba. Aski aka yi mata. Jikinta na ƙarƙashin ƙasa, kuma za ta taso, ba toho a kan kututture ba, daga ƙasa, da cikakken kaurinta."

Ya ce, "Kafin kwana bakwai su cika?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Gora sai da ruwa take tasowa, ƙasar kuwa ta yi kwana ashirin ba ɗigon ruwan sama. Amma na ce, "Kafin su cika."

Ya ce, "To, a haƙa ramin, a bar shi buɗe. In ta taso mu gani. In ba ta taso ba, ku zama biyu, ku riƙa yi wa juna inuwa."

Na koma wurin Korau na zauna a bakin ramina, na yi lissafin abin da ke gabana. Idon nan da ke barci ruwa yake so, mai yawa, ba tulu ɗaya ba. Amma ruwan da zai tashe shi, shi ne ruwan da ke sa ɓawo ya hau Korau. Ƙasarsu ɗaya, saiwarsu a wuri ɗaya. In na bari, ran bakwai baki zai rufe. In na zuba, yana iya rufewa ran biyar. Na gaya masa duka, ban ɓoye komai ba.

Ya dubi kututturen, ya dube ni. Can ya ce, "Ka tabbata ciyawa ce?"

Na ce, "Gwaggo ce ta koya mini."

Ya ce, "To, da kai ne ka koya wa kanka da na ce a'a. Ɗebo."

Inna Yalwa ta ara mini tulu biyu da sanda. Daga kogi zuwa kurmi tafiya ce mai ɗan dama, na yi ta sau arba'in ran kwana huɗu. Dogarin da ke gadi ya ce bai taɓa ganin ɗan'uwa mai gaggawar rabuwa da ɗan'uwansa irina ba, har ya taya ni sauke tulu. Da la'asar ɓawo ya haye ƙugu. Na tona na taɓa idon, yana nan yadda yake.

Ran biyar na yi sawu hamsin, kafaɗata ta fashe. Ɓawo ya kama ƙirji, hannunsa na hagu ya sandare a sama, har wata kurciya ta sauka a kai. Numfashinsa ya koma gajere. Inna ta kawo masa kunu, tana ba shi da ludayi, yana cewa gishirin ƙasar nan ba shi da daɗi. Ta ce, "Kunu ne, ɗan nan, ba a sa masa gishiri." Ya ce to shi ya sa. Na sake tonawa. Idon ya kumbura kaɗan, ko kuwa idona ne ya so ya gani, ban iya rantsewa ba.

Ran shida da safe ɓawo na wuyansa. Na tsaya da tulu a kafaɗa na kasa zubawa. Na ga Gwaggo a bakin zaure, na ji ta tana cewa shi kaɗai gare ta. Me zan kai mata? Ganye? In ce Gwaggo, ga ɗanki, yana da inuwa mai kyau?

Korau ba ya iya juya kai, sai idanu. Ya ce da wata murya kamar ta cikin rijiya, "Me kake jira?"

Na ce, "In na zuba wannan, ba za ka kai gobe da baki ba."

Ya ce, "Da ma kun daɗe kuna addu'ar haka, kai da duk Tungar Tunau. Zuba, malalacin bawa. In ka koma gida, ka ce wa Innata ni na sare, ba kai ka sa ni ba."

Na zuba. Na yi ta zubawa har rana ta yi ja, ina kuka ina zubawa, har ƙasar wurin ta zama taɓo. Kafin magariba ɓawo ya kai haɓa. Na ce Korau, ya amsa da gefen baki. Na sake cewa Korau, sai ido ya kifta.

Ran bakwai, rana na ɓullowa, duk garin ya fito. Aka kawo Mai Kurmi da masu tokare masa hula. Sarkin Awo ya tsaya a bakin ramina yana ƙwanƙwasa sanda. Leɓen Korau na ƙasa ya riga ya zama itace. Na duba ƙasa gaba da baya, babu ko tsaga.

Sarkin Awo ya ce, "Baƙo, ina Kaka? Ko ta makara ne? Shiga, kada a ɓata wa Mai Kurmi lokaci."

Na sa ƙafa ɗaya a rami. A nan ne ɗaya daga wuraren da na ce muku na rufe ido. Sai na ji ƙasa ta yi wani nishi, na ji tas, tas, tas, kamar ana tsinke igiyoyi, na ji mata sun yi salati. Na buɗe. Ƙasa ta dare tsakanin ƙafafun Korau, wani ƙaho baƙi mai gashi, kaurin rumbu, ya ɓullo, ya ɗauke shi ta mazaunai. A nan ƙasarmu ma ɗanyar gora kan yi kamu guda ko fiye a yini, to, ku ƙiyasta ta Kurmin Dogaye da ta sha tulu ɗari da wani abu. Muna kallo tana zare gaɓa daga cikin gaɓa, saiwoyin Korau na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, har ta tumɓuke shi ɗungurungum ta yi sama da shi. Da ƙafarsa ta bar ƙasa, ɓawon ya fara tsagewa yana zubowa kamar na busasshiyar gyaɗa. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa, "Wayyo Allah, wandona!"

Na zube a gaban Mai Kurmi na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta." Na tone ƙasa na nuna karan da ya haɗa kututture da sabon tsiro, jiki guda.

Sarkin Awo bai ko duba ba. Ya ce, "Wannan ɗiyarta ce, ba ita ba ce. Kisa na nan. A sauko da shi a sake dasa shi!"

Dogarai suka nufi gorar. Sai Inna Yalwa daga cikin taro ta ce, kamar mai magana da kanta, "Oh, ni 'yasu, yaron nan ya yi tsawo."

Na yi tsalle na ce, "Sarkin Awo, a auna shi!"

Ya ce, "A auna wa?"

Na ce, "Korau. Ai sanda ce ke faɗa, kai ka ce. A auna."

Taro ya ɗauka, a auna, a auna. Ba yadda ya iya. Ya kafa sanda a gindin gorar, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, duk gari ya ga iyakar tsawonsa. Korau na can sama, sanda huɗu da rabi, yana lilo da ƙafa. Wanda ya wuce sanda itace ne, ba a sa masa hannu. Gorar da yake kai ita ma ta wuce sanda, ba a sa mata ƙarfe, kaurinta kuwa ba mai kwantar da ita da ƙafa a tuɓe ta kamar gero. Dogarai suka ja da baya ɗaya bayan ɗaya, kowa na duban ramin da ke buɗe.

Kafaɗun Mai Kurmi suka fara rawa don dariya, masu tokare hula suka shiga uku. Da ya samu numfashi ya ce a kawo wa Korau hula irin ta manya, a miƙa masa da dogon kara, ya sa, ya sauko ta gaɓoɓi, don ko a ƙasa ya wuce sanda. Sa'annan ya yafito ni kusa, ya rage murya.

Ya ce, "Baƙo, tsakani da Allah, Kakar tawa ciyawa ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na ga an sare ta, ta tashi."

Ya dubi sabon tsiron. Ya ce, "Sau biyu ana tuɓe ni daga sarautar nan, sau biyu ina dawowa." Sai ya ɗaga murya ya ce a ba mu gorar da ta faɗi, tun da a kwance take, kuma kada azahar ta same mu a ƙasarsa.

Ita muka yi jirgi da ita muka haye koguna bakwai, muka kewaye Haɗiya ta ruwa. Gaɓa ɗaya na tsaga na kifa wa Gwaggo a kan ɗaki, bai sake yoyo ba, ko da yake ta ce yanzu barci ba ya zuwa mata da wuri saboda shirun ya yi yawa. Da muka iso, ba ta dubi gorar ba. Kunnen Korau ta kama ta murɗa har ya yi ƙara, ta ce, "To, da ransa."

Korau yana nan, kuna iya zuwa ku gan shi a kasuwar Tungar Tunau, da hularsa da ba ta shiga rumfa. Duk wanda ya tsaya sayen nama sai ya ji cewa an taɓa auna shi a gaban sarki aka tabbatar itace ne, ni kuwa ciyawa. Ba na musu da shi. Sai dai saiwa guda ta maƙale masa a babban yatsan ƙafar dama, duk damina takan fid da ganye ɗaya. Ran nan yana barcin rana na durƙusa na duba. Gindin ganyen ya naɗe yatsan kamar kube, jijiyoyinsa a jere, babu mai ratsa wata. Akuyar Gwaggo ta cinye shi sau uku a bana, sau uku yana turowa daga gindi.

Ban gaya masa ba. Na dai gaishe shi, yadda Gwaggo ta ce a yi.

Nan hikayata ta tsaya. Abin da na ƙara, Allah ya yafe mini. Abin da na rage, ku tambayi akuyar.